Tsutsa mai kan ƙarangiya a hanjin karfasa: ƴar gidan wa ce?

Nana Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, ina wuninku? Jiya Inna ta aike ni Kasuwar Dole na sayo karfasa, mai kifin ya ce da safe aka kawo su daga Gidimuni. Ina cikin gyara sai hanjin ɗaya ya fashe, na ga wasu fararen abubuwa da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, maƙale a bangon hanjin ta ciki. Na ja ɗaya da tsinke ta ƙi fita sai da ta taho da ɗan nama. Yau na kai labo ɗinmu a jami'a na sa a mikroskop. Kanta sak ƙarangiya, ƙayoyi ne zagaye 3 duk sun karkata baya. Na nemi baki ban gani ba, na nemi hanji ban gani ba. Ga hoto nan. Mushe Isufu, Dokta, don Allah mece ce wannan?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, kafin a tafi nesa a gaya mini, tana kama mutum? Shekarata 22 ina suyar kifi a Zango, hanji zubarwa nake yi, ban taɓa tsayawa dubawa ba. Kada wannan hoton ya fita gari a daina sayen kifinmu.

Dokta Sani: Hajiya, kwantar da hankalinki. A hanji take zama, ba ta shiga tsoka, kuma ke kina cire hanji ki soya kifi a mai mai zafi. Ƴan lokutan da aka samu danginta a cikin mutum ta hanyar kifi, a wurare ne irin Japan inda ake cin kifin teku ɗanye. Kifinki lafiya lau.

Nana, kin yi gani mai kyau. Abin da kika riƙe ɗaya ce daga cikin tsutsotsin da masana ke kira Acanthocephala, kalmomin Girkanci ne biyu, ƙaya da kai. An bayyana kusan iri 1,300 a duniya. Rashin baki da hanji ba kuskurenki ba ne, haka suke duka. Ta fatar jikinsu suke tsotsar abincin da kifi ya riga ya narkar. Da yake a karfasa kika same ta, ga ƙanƙanta ga ƙayoyi zagaye 3, hankalina ya tafi ga Acanthogyrus tilapiae, wadda aka sani a karfasar ruwaye da yawa na Afirka. Amma sai an ƙirga ƙayoyin an auna su kafin a rantse.

Mushe Isufu: Madalla da ɗalibata. Tun kina lise na san idonki ba ya wuce abu. Bari in ƙara yadda take shiga kifi. Mace da namiji dabam-dabam suke. Macen tana zuba ƙwai a hanji, ƙwan ya fita da kashin kifi, sai wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, dangin jatan lande amma ba su fi ƙwayar gero ba, su haɗiye shi. A cikinsu tsutsar ke girma ta naɗe kanta ta jira. Ranar da karfasa ta ci wannan ɗan ƙwaro, tsutsar ta fito da kai ta kafe ƙayoyi. Ba ta iya tsallake ɗan ƙwaron nan, dole sai ta bi ta cikinsa.

Laminu: To an gane tsutsa ce, ba ta kama mutum. Magana ba ta ƙare ba?

Nana Hadiza: Yaya Laminu, a wurina yanzu ta fara. A aji an koya mana tsutsotsi masu faɗi irin tsila, da masu zagaye irin macijin ciki. Wannan fa a wane gida take? Jikinta zagaye kamar na macijin ciki, rashin hanji kamar tsila.

Dokta Sani: Wannan tambayar ta wahalar da masana fiye da shekara 200. Tun 1684 wani likitan Italiya, Francesco Redi, ya bayyana irinsu, amma aka rasa inda za a ajiye su. An daɗe ana jingina su da tsutsotsi masu zagaye. Matsalar ita ce rayuwar cin gashin wani tana share kamanni. Halittar da ke kwance cikin narkakken abinci ba ta bukatar baki, ba ta bukatar hanji, a hankali sai su ɓace. To mai neman dangi ta kamannin fuska me zai duba idan fuskar ta shafe? Shi ya sa aka koma ga ADN, wanda ƴan Najeriya ke cewa DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta.

Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Ƴan uwansu na kusa su ne rotifera, wasu mitsi-mitsin halittu da ke iyo a kowane tabki, masu gashi a kai yana kaɗawa kamar ƙafar keke na juyawa. Nana, ki ɗebo ruwan kududdufi da damina ki sa a mikroskop za ki gan su. Suna da baki, suna da hanji, suna da muƙamuƙi, suna neman abincinsu da kansu. Amma ginin fatarsu iri ɗaya ne da na tsutsar nan, har aka haɗa su a gida ɗaya mai suna Syndermata. Binciken ADN na shekarun 1990 ya nuna tsutsar ma daga tsakiyar gidan rotifera ta fito, ba maƙwabciya ba ce kawai.

Laminu: Dokta ka yi haƙuri, amma abin da ido ba ya gani sai da na'ura, da tsutsar da ake ja da tsinke, a ce uwa ɗaya uba ɗaya?

Dokta Sani: Har fiye da haka, Laminu. Akwai wadda ke zama a hanjin alade tana wuce rabin mita. Girma ba ya yanke zumunci. Kyanwa da zaki fa?

Mushe Isufu: Bari in yi bayanin mitokondiriya, don na san can Dokta ya nufa. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai wasu ƙananan murahu inda ake ƙona abinci da iska a samu ƙarfi. Su ne mitokondiriya. Abin sha'awa, suna da nasu ADN dabam da babban kundin da ke tsakiyar ƙwaya, ɗan gajere, a naɗe kamar zobe. Na ɗan Adam harufa 16,569 ne, da umarni 37 a ciki, wato sassan da ke gaya wa jiki abin da zai ƙera, an gama karanta shi a Cambridge ta Ingila a 1981. Kuma a yawancin dabbobi daga uwa kaɗai ake gadonsa. Naki Nana na Innarki ne, nata na kakarki ta wajen uwa, haka har sama. Salsalar nono ce zalla, uba ba shi da rabo a ciki.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Ashe dai dangin nono suna da shaidarsu a jiki.

Dokta Sani: Sosai Hajiya. Kuma dalilin da ya sa masu binciken tsutsa ke son wannan zoben: gajere ne, ga shi da yawa a kowace ƙwaya, don haka ko tsutsa ɗaya ƴar mitsitsiya ta isa a samu. Na farko da aka karanta cikakke a wannan gidan shi ne na Leptorhynchoides thecatus, tsutsar kifayen Amurka ta Arewa, a 2005. Harufa 13,888. Daga shi da waɗanda suka biyo baya an ga wasu abubuwa da suke maimaituwa. Umarni 36 ake samu maimakon 37, don ɗaya mai suna atp8 ba a gano shi a yawancinsu ba. Sannan ADN igiya biyu ce a murɗe, a jikinmu umarnin ya rabu tsakanin igiyoyin biyu, amma a wurinsu duka a igiya ɗaya suke jere suna kallon gefe ɗaya. Ƙananan umarnin da ake kira tARN kuma sun gajarce sun zubar da wasu rassa, har kwamfuta kan wuce su ba ta gane su ba, sai mutum ya bi da ido.

Ana amfani da zoben ta hanya biyu. Ko a gwada harufan ɗaya bayan ɗaya tsakanin tsutsa da tsutsa, wadda bambancinsu ya yi kaɗan ba su daɗe da rabuwa ba. Ko a duba jerin umarnin kansa, wane ne ke bin wane. Ku ɗauka carbi ne mai duwatsu 36 kowane da launinsa. Idan carbi biyu suka zo da jeri iri ɗaya, da wuya a ce dace ne.

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu, kuma ina ƙaruwa. Amma akwai inda nake so a yi hattara. Idan ana cewa wannan halitta ta fito daga waccan, yara na karantawa, kada su ɗauka abubuwa ne ke yin kansu. Allah ne Mahalicci, Shi ya ce ya halicci kowace dabba daga ruwa.

Dokta Sani: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma ni a nan nake tsaye. Abin da muke karantawa alamomi ne da ke rubuce a jikin halitta, ba mu muka rubuta su ba. Manomi ya san gero da maiwa dangi ne, makiyayi ya san shanun azawak da na bororo tushensu ɗaya, ba wanda imaninsa ya ragu don ya san haka. Mu dai muna bin sawu ne mu ga wa ke kusa da wa.

Malam Habu: To idan a haka aka tsaya, ba ni da ja. A ci gaba, ina saurare.

Nana Hadiza: Dokta, to me zoben ya nuna a cikin gidan tsutsar kansa?

Dokta Sani: An raba gidan ɗakuna 4. Archiacanthocephala na dabbobin tudu da tsuntsaye ne, ta ƙwari irin kyankyaso da buzuzu suke bi. Palaeacanthocephala shi ne ɗaki mafi cika, akwai na kifi, na tsuntsayen ruwa, na dabbobin teku. Eoacanthocephala yawanci na kifi ne da kififiya, kuma a nan taki take idan hasashena ya yi daidai. Na huɗu ƙarami ne, Polyacanthocephala, wanda Omar Amin ya ware a 1987. Manyansu a kadojin Amurka ta Kudu suke, akwai kuma iri ɗaya da aka samu a kifayen tabkin Naivasha na Kenya.

Zoben ya gaskata tsofaffin masana a wasu wurare, ya kunyata rabonsu a wasu. Ya nuna na tudu su suka fara ballewa. Ya nuna ƙaramin ɗakin nan na kada yana manne da ɗakin tsutsarki. Inda aka samu rikici shi ne cikin babban ɗakin. Da an tara na kifi a rukuni ɗaya mai suna Echinorhynchida, na tsuntsaye da dabbobin teku a wani mai suna Polymorphida. Da aka karanta zobba sai aka ga na kifin ba zuriya ɗaya ba ce, wasunsu sun fi kusa da na tsuntsaye a kan ƴan uwansu na kifi. Zama a gida ɗaya ne ya sa aka ɗauke su ƴan uwa, ashe wasu ƴan haya ne.

Mushe Isufu: A nan ne zan ja da kai, Dokta, da girmamawa. Kana ba zoben nan amana fiye da kima. Ni da kaina na ce salsalar uwa ce kaɗai. Wa zai rubuta tarihin sarautar Damagaram ta bin uwaye kawai ya ce ya gama? Kuma duk umarni 36 ɗin tare ake gadonsu, a dunƙule. Ba shaidu 36 ba ne, shaida ɗaya ne ya yi magana sau 36.

Dokta Sani: Ban musa ba Mushe. Har zan ƙara maka makami. Zoben waɗannan tsutsotsi yana canzawa da sauri ƙwarai, kuma harufan G da T sun yi yawa a igiyar da ke ɗauke da umarni. Idan zuriya biyu suka yi ta gudu kowace a hanyarta, harufa 4 ne kawai ake da su, dole wani lokaci su faɗa kan harafi ɗaya bisa dace. Sai kwamfuta ta haɗa su ta ce ƴan uwa ne. Masana sun san wannan tarkon, suna kiransa jan dogayen rassa.

Mushe Isufu: To ka gani. Me ya sa ba za a bar shi a koma babban kundi ba?

Dokta Sani: Kuɗi da kayan aiki, na farko. Babban kundin Pomphorhynchus laevis, tsutsar kifayen Turai, sai 2020 aka fitar da shi, kuma harufa ne miliyan 260 ko kusa da haka. Ka gwada da dubu 14. Na biyu, ba a ce a tsaya ga shaida ɗaya ba. Rushewar Echinorhynchida da na faɗa, umarnin 18S da 28S na babban kundi ma sun nuna ta. Idan dangin uwa da dangin uba suka faɗi magana ɗaya, alƙali ya samu natsuwa.

Ga misalin da na fi so. Tambaya ce ta wane reshen rotifera ne ya fi kusa da tsutsar. Wasu suka ce Bdelloidea, na ruwan daɗi. Wasu suka ce Seison, wani ɗan ƙaramin rukuni na teku da ke zaune a bayan wani ɗan jatan lande yana rayuwa a jikinsa. Gwajin harufan zobe ya yi ta ba da amsa mai rawa. Masu bincike a Mainz ta Jamus suka duba umarni masu yawa na babban kundi a 2014, suka samu Seison. A 2016 suka koma zobe, amma wannan karon jerin carbin suka duba, ba harufa ba, suka sake samun Seison. In haka ne, labarin ya zama mai ma'ana: kaka mai iyo da kansa, sai mai zama a bayan ɗan ƙwaron ruwa, sai mai shiga cikinsa, sai wanda ya jira kifi ya haɗiye su duka biyu. Har yau kowace irin tsutsar nan sai ta bi ta cikin ƙwaro mai ɓawo, kamar ba ta manta gidan farko ba.

Mushe Isufu: Wannan ya shige ni. Amma ka lura, ba zoben ne ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Ina nan a kan bakana.

Dokta Sani: Ka zauna a kai Mushe, wurin yana da kyau. A 2025 ma an bayyana wata da ta zama dutse a Daohugou ta ƙasar Sin, shekara kimanin miliyan 160, kanta da ƙayoyi amma har lokacin tana da muƙamuƙi irin na danginta. Shaida na uku ke nan, daga ƙasa.

Laminu: Duk na ji, kuma abin da daɗin ji. Amma ku gaya mini gaskiya. Garin da mata ke kwana a layin famfo da jarka, me salsalar tsutsa za ta ƙara mana?

Nana Hadiza: Yaya, ni ma na kwana a layin nan, ba labari ba ne a wurina. Amma karfasar da ake zubawa a tabkunanmu daga wani wuri ake ɗauko ƴaƴanta. Idan da tsutsa a cikinsu, tare za a zuba. Ba mu cancanci mu san me muke zubawa ba?

Dokta Sani: Nana ta taɓo wurin. Ya taɓa faruwa: Paratenuisentis ambiguus tsutsar Amurka ta Arewa ce, yanzu tana cikin kifayen kogunan Jamus, ta bi ɗan ƙwaron ruwan da aka kai can. Da ADN ake gane baƙuwa da ƴar gida. Idan suka yi yawa a hanji kuma suna raunata bango, kifi ya ci abinci bai yi ƙiba ba, mai kiwo ya yi asara bai san dalili ba. Akwai kuma wani amfani da ba a zata ba. Bernd Sures a Jamus ya nuna waɗannan tsutsotsi suna tara dalma da wasu ƙarafa masu guba a jikinsu ninkin abin da ke tsokar kifin sau ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Wanda ke son sanin ko ruwan tabki ya gurɓace, tsutsar za ta gaya masa tun kafin kifi ya nuna. Amma sai ka san wace iri ce a hannunka kafin ka gwada tabki da tabki.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Bishiyar dangin da ake zanawa, yawancin zobban da ke cikinta daga Asiya, Turai da nahiyar Amurka suka fito. Maganin tarkon dogayen rassa kuwa shi ne a ƙara irin da ke tsakani, a datse dogon reshe ya zama gajeru. Ga Tenuisentis niloticus a hanjin bargi, an san ta tun 1932, an sake bayyana ta daga Burkina Faso a 2016, dangin waccan ce da ta shiga Jamus. Ga ta karfasa. Kullum ana zubar da su a bola a Dole, a Mirya, a Magarya, kaji na cinyewa.

Ɗan Baba: Salamu alaikum. Baba ne ya ce in rubuta masa, shi ba ya rubutu, na kunna masa duk abin da kuka ce. Ya ce shekararsa sama da 40 yana su, daga Gidimuni har Lasuri. Ya ce sun san ta, a bargi ta fi tsawo, ta karfasa gajera ce. Ya ce ya fi ganinta da bazara idan ruwa ya ja baya kifi ya taru wuri ɗaya. Ya ce a tarwaɗa abin da ya fi gani wata ce dabam mai kama da zare. Ya ce idan ana so zai riƙa ware hanjin kowane kifi dabam.

Dokta Sani: Ka gaida Baba da kyau, ka ce masa abin da ya faɗa ya fi rabin aikin. Bambancin ta bargi da ta karfasa da ya gani da ido, iyali biyu ne dabam a littafi. Maganar bazara kuma abin aunawa ce, a ƙirga wata-wata a gani.

Nana, ga yadda za ki yi. Kada ki fizge ta, kan zai tsinke ya zauna a hanji, kuma ƙayoyin su ne katin shaidarta. Ki yanko ɗan naman da take maƙale ki ɓare a hankali da allura. Ki sa ta a ruwa mai tsabta cikin firigo ta kwana, za ta saki jiki ta fito da kai gaba ɗaya. Sannan ki raba. Wasu a alkol mai ƙarfin 70 don aunawa, wasu a mai ƙarfin 95 don ADN. Kada formol, ruwan da ake adana nama da shi a labo, ya taɓa na ADN, yana lalata shi. Kowace kwalba ki rubuta da fensir a takarda ki jefa ciki: irin kifi, tabki, rana. Ba sai mun fara da zobe cikakke ba. Guntu ɗaya mai suna cox1, harufa kamar 650, ya isa a fara sanin ko ta Gidimuni da ta Lasuri ɗaya ce.

Mushe Isufu: A haɗa da 18S, Dokta. Dangin uba ma a ji ta bakinsu.

Dokta Sani: An haɗa, Mushe.

Hajiya Rabi: Ɗiyata, ni kullum ina gyara kifi ya fi 50. Ki zo Zango bayan sallar asuba da kwalabenki kafin in ɗora mai. Amma ki zo da safar hannu, ƙayar bayan karfasa ba ta da kirki.

Nana Hadiza: Na gode Hajiya, in sha Allahu ranar Asabar ina nan. Ɗan Baba, ka tambayar mini Baba ko ana samun bargi a wannan watan, kuma wace rana motar Gidimuni ke shigowa.

Ɗan Baba: Ya ce bargi ya yi wuya yanzu sai an shiga cikin ciyawa, amma zai sa a duba masa tarkon kifinsa na mali gobe. Idan an samu zai sa hanjin a leda da ƙanƙara ya ba direba, ni zan kira ki in ya taso.